Ranar da Hajiya ta ɗauke kujera

A gidanmu na unguwar Nima ba a gaida Hajiya a tsaye. Kakarmu ce, mahaifiyar babanmu, kuma tun da Allah ya yi wa baba rasuwa maganarta ce magana a gidan. Da safe, bayan an idar da salla gari ya fara haske, kowa zai zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna har ƙasa, ya zauna a kan dugadugansa, sannan a fara. To, gaisuwar Hajiya ba irin ta sauran mutane ba ce. Sai ta tambaye ka kwanan jiki, da gajiyar jiya, da ta shekaranjiya, da lafiyar abokinka da ya taɓa shigowa gidan ta ji yana tari. Ba ka da ikon motsawa sai ta ce "tashi". Muna yara mukan bar ƙofar nan cinyoyinmu na rawa kamar mun wuni muna daka, muna ƙunƙuni ƙasa-ƙasa don kada ta ji.

Ita a kan kujera take karɓar gaisuwar, wata farar kujerar roba da kawunmu mai sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai ya kawo mata lokacin da gwiwoyinta suka fara ciwo. A kanta take salla, a kanta take cin abinci, a kanta take mulki. Iyayenta fataken goro ne daga arewa, Hausarta cikakkiya ce, kuma har gobe ba ta yafe mana irin tamu ta 'ya'yan Zango da aka haifa a nan kudu ba, wadda ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne kowa "shi" ne, ga Turanci da yaren Twi a cakuɗe. A gabanta dai kowa yana gyara bakinsa.

Ƙanwata ita ce doguwar gidan. Na girme ta nesa ba kusa ba, ni na goya ta, amma tun ba ta gama firamare ba sai na ɗaga kai nake yi mata faɗa. Yarinya ce da ba ta taɓa sanin a zagaya kwata ba. Kowane lungu a Nima da kwatarsa a tsakiya, wata an ɗora mata katako, wata an bar ta baki buɗe, ita kuwa tsallake su take yi da bokiti a ka, ruwan bai zuba ba. In an aike ta sayen koko, kafin ka wanke kofi ta dawo. Da ta fara zuwa filin ƙwallon kwando da ke bayan makarantarsu, mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ta ce wasan yara ne, za ta gaji ta bari. Ba ta bari ba. Daga ƙungiyar makaranta ta shiga ta unguwa, daga nan wata babbar ƙungiya ta cikin birni ta ɗauke ta, har aka fara kiranta sansanin 'yan wasan ƙasa.

Abin dariya, a fili ba doguwa ba ce. Ranar da na fara zuwa kallonta na ga mata waɗanda kanta a kafaɗarsu yake tsayawa, na ce madalla, yau Allah ya rama mini. Ita abincinta a ƙafa yake. Za ta tsaya gaban mai tsaronta, ta yi ƙasa kamar za ta zauna a kan turmi, ta nuna dama, kafin waccan ta ɗaga ƙafa ta riga ta wuce ta hagu. Ko tana cikin gudu kamar an biyo ta, sai ta ci birki wuri ɗaya, takalmi ya yi ƙara a kan daɓe, mai binta ta wuce fuu, ita kuma ta tashi sama ta jefa. Kocinsu, wani ɗan unguwar Maamobi mai sanƙo da muryar yaron mota, ya taɓa tare ni bayan wasa ya ce, "Anti, wannan ƙanin naka, ina ya samo cinya haka? Sauran in na ce su yi ƙasa su tsaya, yanzu-yanzu sun fara kuka. Shi ko ya zauna nan kamar yana jiran tuwo. Yana da ƙafa paa, sosai!" Na ce masa ya zo gidanmu gaisuwar safe, zai ga inda aka samo.

Ranar da abin ya faru ina wurin, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya taɓa ta. Da wata ce ta banke ta, da na san wadda zan tsana. Ita kaɗai ce a gefen fili, ta dasa ƙafar dama za ta juya kamar yadda ta saba, sai gwiwar ta lanƙwashe ciki, ta zube. Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa a bakinta ba, ko ranar rasuwar baba. A asibiti aka ce wata jijiya ce a cikin gwiwar ta tsinke, wadda ke riƙe ƙashin sama da na ƙasa in mutum ya juya, kuma sai an yi aiki. Aka yi. Ta dawo gida da sanduna a hammata, ƙafar a miƙe cikin wani ƙarfe mai maɗaurai. Daga ranar tambaya ɗaya ce ta rage a gidan, ko da yake babu mai furta ta a gabanta: za ta sake komawa fili, ko shi ke nan?

Kashegari da safe sai ga matsalar gaisuwa. Miƙe wa babba ƙafa rashin kunya ne, tsugunawa kuma babu hali. Mma ta shiga kasuwa ta sayo kujerar roba shuɗiya, aka ajiye ta a ƙofar Hajiya daura da farar. Hajiya da bakinta ta ce, "Zauna, 'yar nan, miƙe ƙafarki. Larura ce." Gaisuwar tata ma ta gajarce. Kin tashi lafiya, ya ƙafar, Allah ya ƙara sauƙi, je ki kwanta. Ni da ke tsugune a gefe ina jiran nawa rabon, har ɗan kishi na ji.

Mu mutanen Zango in muka tashi tausayi ba ma yin kaɗan. Gidanmu babba ne, da 'yan haya, kuma kowa ya ɗauki ƙafar nan kamar tasa. Aka hana ta ɗiban ruwa, aka hana ta shara, aka hana ta aike. In ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, sai ka ga mutum ya riga ta. Shuɗiyar kujera ta zama jelarta: Mma na ɗauke da ita daga ƙofar Hajiya zuwa wurin salla, daga wurin salla zuwa gindin murhu. Ko atishawa ta yi sai wani ya leƙo ya ce, "Ƙafan ne?" A farko hakan ya dace, a asibiti ma abin da aka ce ke nan. Sai dai watanni suka yi ta wucewa, aka ajiye sanduna, aka kwance ƙarfe, ɗingishi ya ɓace, amma tausayin yana nan inda yake, ita ma kujerar haka.

Akwai wata likita da ke duba ta bayan aikin, 'yar ƙabilar Ga ce, gajeriya mai faɗa, wadda sana'arta ita ce mayar wa gaɓoɓi ƙarfinsu bayan tiyata. Ita ta sa ta tuƙa keken da ba ya tafiya, da tura nauyi da ƙafafu, da hawa akwati a sauko, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ana jefo mata ƙwallo. Cinyar da ta rame ta koma kamar taɓarya ta sake cikowa. Gudu ya dawo. Sannan wata ranar Juma'a koci ya zo gida, ya tsuguna ya gaida Hajiya, ya sha tambayoyi har gumi ya keto masa a sanƙo, da ya samu ya miƙe sai ya gaya mana abin da ke tafe da shi. Bayan Babbar Salla za a yi gwajin waɗanda za a ɗauka sansanin ƙasa. Za a auna gudu, a auna tsalle, a auna zilliya tsakanin wasu robobi masu tsini da ake jerawa a fili. Wadda ba ta kai ba, a ba wata wurinta, ga yara sababbi nan suna tasowa, kuma ba a ajiye wa kowa wuri.

Wata Asabar na bi ta wurin horo don in gani da idona. Gudu miƙe kam, ma sha Allah, kamar ba a taɓa yanka ƙafar ba. Tsalle ma ba laifi. Da aka zo robobi sai na ga wata yarinya da ban sani ba. Tana tunkarar wurin juyawa sai ta rage gudu tun daga nesa, ta miƙe sambal, ta yi ta 'yan ƙananan taku tana kewayawa, kamar tirela a kwanar kasuwar Nima. Koci ya dubi agogon hannunsa, ya dube ta, ya juya ya koma kan sauran 'yan wasa. Ni na fi son ya yi ihu irin yadda ya saba.

A torotoro, motar hayar da muke shiga, ta jingina kai da taga har muka wuce unguwar Kokomlemle. Can ta ce, "Yaya, ƙafan nan ba nawa ba ne kuma. In na zo zan juya sai in ji wannan ƙara a kunne na, irin na ranan. Ba zan iya ba kraa, ko kaɗan." Na buɗe baki zan yi faɗa, don ni abin da na iya ke nan, sai na ga hawaye na bin gefen hancinta. Tsoro ya kama ni. Ban san wace ce ƙanwata ba in an cire mata ƙwallo, kuma na tabbata ita ma ba ta sani ba.

Ni malamar makaranta ce, ba kullum nake samun fita ba, amma a makon nan na roƙi izini na raka ta wurin likita. Likitar ta ɗora ta a kan keke, ta ja ni gefe, ta fara da Turanci tana nuna ni da biro kamar ni na tsinke jijiyar.

"Na auna ƙafafun nan a na'ura," in ji ta. "Wadda aka yi wa aiki ta kusa kamo 'yar'uwarta. Jijiyar ta kama. Gudu miƙe kowa yana iyawa. Abin da ke raba manyan 'yan wasa da sauran shi ne birki, kuma ba a cin birki a tsaye. Sai mutum ya yi ƙasa, ya ɗora duk nauyinsa a gwiwa ɗaya, ya yarda za ta riƙe shi. Ƙanwarki ba ta yarda ba. In na ce ta yi ƙasa, rabi take zuwa ta tsaya. A gida me take yi?"

Na ce ai ba ta yin komai, muna kula da ita sosai. Ta ce in yi mata bayani. Na fara: salla a kujera, gaisuwa a kujera, wanka a kan ɗan benci, ko tsintsiya ba ta taɓawa. Ban kai ƙarshe ba ta ɗora hannu a ka.

"Wato ni ina ganinta jefi-jefi ina gaya mata ta warke, ku kuma safe da yamma kuna gaya mata gurguwa ce. To wa za ta gaskata?"

Na dawo gida da zafina. Ni kuma ban iya shigo da magana ta ƙofa ba, ta taga nake faɗowa. Mma ta dawo daga rumfarta ta kasuwar mahaɗar Malam a gajiye, ko mayafi ba ta cire ba na tare ta da cewa mu ne muke gurgunta yarinyar nan, a ɗauke kujera. Ta ajiye kwandon kanta a hankali, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ka haife shi?" in ji ta, da Hausarta ta Zango. "Kai ka zauna asibiti kana jin kukan shi? Likita ya faɗi nashi ya tafi gida. In ƙafan ya sake karyewa, likita zai zo ya ɗauke shi zuwa bayi? Ƙwallo ya tafi, ya tafi. Ni ɗa na nake so da ƙafa biyu."

Ita ma dai gaskiyarta ta faɗa. Saura Hajiya. Da safe na tsuguna na sha gaisuwata har ƙarshe, da ta ce "tashi" sai na ƙi tashi. Na gaya mata duk abin da likita ta ce, a hankali wannan karon, ina zaɓen kalmomi. Tana ja da carbi tana kallon bango har na gama.

"Wato so kike in karya jikata da bakina," in ji ta.

"A'a, Hajiya, cewa aka yi…"

"Na ji. Tashi."

Shi ke nan. Kwanaki suka yi ta tafiya, shuɗiyar kujera na nan a ƙofa, ƙanwata na zuwa ta zauna a gaishe ta kamar mai jego. Raguna suka fara cika bakin titin Nima, alamar Salla ta matso, gwaji kuma yana bayanta. Na cika na yi fam. Na ce a raina tsofaffin nan sun fi son mutum ya zauna musu a gida suna tausayinsa da ya warke ya fita. Har gaisuwar tawa na koma yinta a daƙile, ita kuwa ko a jikinta.

Ana cikin haka aka yi suna a maƙwabta. A unguwarmu in ana suna, kujerun duk gidajen lungu ake kwasa, da yamma a mayar wa kowa nasa. Aka kwashi namu har da shuɗiyar. Da yamma duk suka dawo ban da ita, kuma a hayaniyar ranar babu wanda ya lura. Daga baya na ji ashe Hajiya ce ta aika wa mai jegon cewa ta riƙe ta, kyauta ce, ta riƙa zama tana shayarwa.

Kashegari ina tsugune a ƙofar Hajiya ƙanwata ta fito. Ta duba inda kujera take zama, ta duba bayan ƙofa, ta yi wuƙi-wuƙi. Da ba ta gani ba sai ta ɗan rusuna daga tsaye ta ce, "Hajiya, ina kwana."

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta.

"Hajiya, ina kwana," ta sake faɗa da ɗan ƙarfi.

Sai Hajiya ta juyo wurina. "Ke, wa ke magana a can sama? Ni ban saba gaisawa da rufin ɗaki ba."

Ni na roƙi wannan abu, amma da na gan shi a gabana sai na ji kamar in ce a fasa. Matar da ke wanke-wanke a bakin famfo ta tsaya da kwano a hannu. Mma ta fito daga ɗaki da gudu riƙe da ɗan benci.

"Mayar da shi," in ji Hajiya, ko kallonta ba ta yi ba. Mma ta tsaya cak da benci a ƙirji. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa musa wa Hajiya ba, ranar ma ba ta fara ba.

"Hajiya, ƙafata," in ji ƙanwata.

"Na san da ita. An ce mini ta warke. In ta warke, a gidan nan ba a gaishe ni a tsaye."

Ƙanwata ta dube ni, kallon da ke cewa ke ce, ko? Na sunkuyar da kai. Ta kama gefen ƙofa da hannu ɗaya ta fara yin ƙasa, duk nauyinta a ƙafar hagu, ta dama a gefe kamar ta aro.

"Saki ƙofar," in ji Hajiya. "Ba ita na ce ta gaishe ni ba."

Ta saki. Tana kuka yanzu, kukan haushi, irin wanda take yi tana ƙarama in an ci ta a wasa. Ta dawo da ƙafar dama daidai da ta hagu. Ta sauko zuwa rabi, wurin da likita ta ce tana tsayawa, ta tsaya. Na ga cinyoyinta na karkarwa ta cikin zane. Sannan a hankali, kamar mai shiga ruwan da bai san zurfinsa ba, ta wuce wurin, ta ci gaba, har ta zauna a kan dugaduganta.

"Hajiya, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yar nan. Kin tashi lafiya? Ya gajiyar jiya?"

Aka shiga. Ban taɓa jin gaisuwa mai tsawon ta ranar ba. Hajiya ta tambayi lafiyar koci, ta tambayi mahaifiyar koci, ta tambayi likita da mijin likita in tana da shi, ta tambayi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya da kamanninsu tun da ba ta san sunayensu ba, har direban torotoro bai tsira ba. Fuskarta a ɗaure, muryarta daidai. Amma ni da ke kusa ina ganin hannunta. Carbin ya tsaya a ƙwaya ɗaya, yana ta kaɗawa a kan cinyarta, ta damƙe shi har jijiyoyin hannun sun fito. Tsoronta ya fi na kowa a tsakar gidan nan.

Can ta ce, "Tashi."

Ƙanwata ta miƙe. Ba ta dafa ƙasa ba, ba ta dafa ƙofa ba, ta dai miƙe kamar yadda take miƙewa tun tana 'yar firamare. Ta tsaya tana kallon gwiwar. Babu wanda ya ce mata komai, sai ta sake yin ƙasa don kanta, ta tashi, ta sake. Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. Mma ta ajiye benci ta zauna a kai da kanta, ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa sai a lokacin na gane har yanzu a tsugune nake, an manta ba a ce mini in tashi ba, kuma ƙafafuna sun mutu murus.

A ranar ƙanwata ta yi azahar a kan darduma. Na leƙa ta labule na ga goshinta a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Daga nan abubuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, ba a rana ɗaya ba. Ta karɓi tsintsiya, ta karɓi bokiti. Likita ta ƙara mata nauyi, ta fara sa ta juyi a hankali, sannan da sauri. Akwai ranakun da ta dawo gida da fushi, gwiwar ta ɗan kumbura, Mma ta harare ni ta kawo ƙanƙara. Hajiya dai ba ta rage ko tambaya ɗaya ba. Ranar da na ji ƙanwata ta bar ƙofar tana ƙunƙuni cewa tsohuwar nan za ta kashe mutum da gaisuwa, ranar na fara cin abinci da daɗi.

Aka yi Salla, aka ci nama, ranar gwaji ta zo. Babban ɗakin wasa ne mai daɓen katako, ga 'yan mata dogaye cike, ga mutane riƙe da agogo da usur. Na samu wuri a benci na sama. Ta yi gudu, lafiya. Ta yi tsalle ta taɓa inda ake taɓawa, ta dira da ƙafa biyu daidai. Sai aka jera robobi. Tun daga gida na yi wa kaina alkawarin zan kalla, amma da aka busa usur ta taso, idanuna suka rufe da kansu. Da kunne na fara sani. Na ji takalmi ya yi ƙara a kan katako, wannan ƙara mai kaifi da na daɗe ban ji ba, wadda ba ta fita sai mutum ya dasa ƙafa da gaske. Na buɗe ido na same ta a roba ta gaba, ta yi ƙasa har yatsunta na shafar daɓe, duk jikinta a kan ƙafar dama, kafin in ce wayyo ta riga ta fizge ta yi hagu.

Da ta ƙarasa, koci ya dubi agogonsa, ya ɗaga kai yana nemana cikin mutane. Da ya gan ni sai ƙaton nan ya tsuguna har ƙasa a tsakiyar fili, ya dafa gwiwoyinsa kamar mai gaisuwar safe. Mutane suka yi ta kallonsa ba su san dalili ba. Da aka kira waɗanda za su sansani, tana ciki. Na zauna a bencin nan na yi kuka mai isata, wani sanyi na sauka a ƙirjina, kamar an sauke mini kayan da na manta ina ɗauke da su.

An riƙe su don yi musu bayani, saboda haka na riga ta isa gida, wajen la'asar. Hajiya na kan farar kujerarta a ƙofa, abincin ranarta a rufe a gefe ba ta taɓa ba. Na tsuguna. A karo na farko a rayuwata ba ta tambaye ni gajiya ba.

"Gwiwar ta riƙe?"

"Ta riƙe, Hajiya. An ɗauke ta."

Ta lumshe ido ta yi ta hamdala, leɓenta kawai ke motsi. Na bari ta gama, sannan na tambaye ta abin da ke cina tun ranar. Na ce na ga hannunta yana rawa, to ta yaya ta iya?

Sai ta bubbuga hannun kujerar da take kai.

"Ranar da kawunku ya kawo mini wannan, cewa ya yi in ɗan riƙa zama kafin gwiwar ta lafa. A lokacin ina kai goshina ƙasa. Da ƙyar ne, amma ina kaiwa. Sai kujera ta yi daɗi, kowa kuma yana tausayina. In na ce yau zan gwada tabarma, sai a ce haba Hajiya, a turo mini ita. Ban san ranar da na yi sujadar ƙarshe ba, ai ba a gaya wa mutum." Ta gyara carbinta. "Ni babu wanda ya isa ya ɗauke mini kujera a gidan nan, shi ya sa ba a ɗauke ba. Ƙanwarki kuwa tana da ni."

Muna nan sai ga ƙanwata ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta tsallake kwatar bakin ƙofa ba ta ko duba ba. Ta zo ta zube a gaban Hajiya ta yi gaisuwa, aka yi mata tambayoyi, aka sa mata albarka, aka ce ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta buɗe jaka ta ciro man zafin da take shafa wa tata ƙafar, ta ɗage zanen Hajiya kaɗan, ta kama gwiwoyin nan da suka kumbura suka sandare, ta fara murzawa a hankali. Hajiya ta ce mene ne haka, bar shi, ba ya jin magani. Ta yi kamar ba ta ji ba. Tana tsugune a kan dugaduganta tana murzawa har aka kira magariba, kuma Hajiya ba ta sake ce mata ta tashi ba.